Sandunan golf na zamani masu faɗin tafi: suna rage bugu ko lamba kawai aka canza?

Sulley_Nima:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ga tambaya ga masu sanin kan abin. Sandunan ƙarfen nan na zamani masu kwarmin baya da faɗin tafi, irin su Ping G430, TaylorMade Stealth da Callaway Rogue ST Max, waɗanda aka ce an yi su ne don mai matsakaicin hannu, da gaske suna rage wa mutum yawan bugu a katin maki? Ina nufin mai handikaf 18 zuwa 25 (lambar da ke nuna ƙwarewa, gwargwadon ƙanƙantarta gwargwadon iyawa) da ba ya fita sai Asabar, a filin golf na Achimota ko Sakumono nan Ghana. Sabon saiti yakan kai dala dubu tun kafin kuɗin jirgi da na kwastan a Tema, in ka juya shi zuwa sidi sai ka nemi wurin zama. Wasu na cewa da lamba 7 ta yanzu suna kai inda da sai da lamba 5. Wasu kuma na cewa talla ce kawai. Wanne za a kama?

Koci_Sakumono:
Wa alaikumus salam Malam Sulley. Suna taimako, amma ba ta wajen da masu talla ke nunawa ba. Aikinsu yana fitowa ne a bugun da bai samu tsakiyar fuska ba. In ƙwallo ta daki can bakin sandar ko kusa da wuya, kan yakan murɗe lokacin haɗuwa, gudun ƙwallo ya ragu, ta faɗi gajere. Da aka ƙwaƙule ƙarfen baya aka kai nauyin gefe-gefe da ƙasa, kan ya daina saurin murɗewa. Bugun da zai faɗi cikin yashin gaban girin (gajeriyar ciyawar da rami ke cikinta) da siririyar sanda, da wannan sai ya kai bakin girin. Ba sihiri ba ne, yadi kaɗan ne. Amma mai handikaf 20 yakan kuskure tsakiya fiye da yadda yake samu, shi ya sa yadin nan kaɗan ke taruwa.

Abu na biyu, nauyin da aka saukar ƙasa yana tayar da ƙwallo sama ba tare da mutum ya yi ƙoƙarin ɗebo ta da wuyan hannu ba. Wannan ɗebowar ita ce ke kawo dukan ƙasa kafin ƙwallo.

Baba_SabonZango:
Koci, ka faɗi rabi ka bar rabi. Ku ɗauko takardar ma'auni ku karanta. Lamba 7 ta Ping Eye2 da ta fito a 1982 kwanciyar fuskarta digiri 36. Lamba 7 ta G430 digiri 29. Ta Stealth 28. Ta Rogue ST Max 27.5. To wannan ai lamba 5 ce ta da, aka goge aka rubuta 7. Kamar a ɗauki takalmi mai lamba 44 a buga masa 42, sai ka yi ta murna wai ƙafarka ta ƙanƙance. Kowane digiri ɗaya a tsakiyar saiti yana bada kamar yadi 3. Ka lissafa digiri 7 ka gani, nisan da ake taƙama da shi ya fito ke nan. Ga shi kuma an ɗan ƙara wa ƙotar tsawo.

Sulley_Nima:
Baba, to in haka ne ai babu abin da aka ƙara ke nan?

Injiniya_Tema:
A'a, Baba ya yi gaskiya a lissafin digiri, amma ƙarshen da ya kai bai cika ba. Lamba 5 ta da tana da ƙota mai tsawo, inci 38 ko kusa, da siririn kai mai nauyi a sama. Lamba 7 ta yanzu ƙotarta inci 37 ne da ɗan ɗoriya, fuskarta siririya ce mai lotsawa ta dawo, kuma akwai tongistin, wani ƙarfe mai nauyi ƙwarai, a ƙasa da bakin kai. Digirinsu kusan iri ɗaya ne, amma wadda ta fi gajarta ta fi sauƙin samun tsakiya, kuma tana tashi sama fiye da waccan. Masu ƙerawa na cewa dole ce ta sa suka tsayar da fuskar, don in an bar digiri 34 da wannan nauyin na ƙasa ƙwallo za ta yi sama da yawa. Gaskiya ne ga mai gudun sanda. Ga marar gudu kuwa, nan ne matsalar take.

Ga ma'auni. Tsofaffin alƙaluman Trackman, na'urar auna bugu, na ƙwararrun gasar PGA a Amurka sun nuna lamba 7 tana tafiya mil 90 a awa, ƙwallo na juyi kusan 7,000 a minti, tana sauka yadi 172, kuma tana faɗowa a kusurwar digiri 50. Wannan faɗowar daga sama ita ke tsayar da ita. Ɗan Asabar da yawa gudunsa 70 zuwa 80 ne. Ka ba shi digiri 28, juyin ya sauko 4,500 ko 5,000, ƙwallo ta zo a kwance, ta taɓa girin ta wuce baya. A na'ura zai ga nisa ya ƙaru. A fili zai ga yana ta cif, wato ɗan gajeren bugun hawa girin, daga bayan girin.

Kadi_Achimota:
Injiniya ya taɓo inda ke ciwo. Daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin hunturu, ƙasa a nan tauri take yi kamar dutse. Ƙwallon da ta zo a kwance ba ta tsayawa, ko gaban girin ta faɗi sai ta mirgina ta fita. Kuma faffaɗan tafin nan da ake yabo, a ciyawa mai laushi yake aiki. Yana zamewa, ba ya nitsewa, ko ka daki ƙasa inci ɗaya kafin ƙwallo za ta tafi. Amma a busasshiyar jar ƙasa inda ciyawa ta mutu, tafin yakan yi tsalle daga ƙasa, kaifin gaba ya sami cikin ƙwallo, ta fita kamar harsashi ba ta tashi. Maganinsa: a mayar da ƙwallo baya kaɗan, faɗin ƙwallo ɗaya, a ɗora nauyi kan ƙafar gaba, a rage riƙo inci ɗaya, a yi kashi uku cikin huɗu na lilo. Da damina kuwa, Mayu da Yuni, wannan tafin babu kamarsa.

Hajiya_Mamobi:
Ku yi maganar mata da dattawa mana. Duk lissafin nan na masu gudu 75 ne. Wanda gudunsa bai kai 65 ba, lamba 5 da 6 da 7 na irin wannan saitin duk wuri ɗaya suke faɗuwa, bambancinsu bai fi yadi biyar ba, saboda babu gudun da zai tayar da digiri 22. Sanda uku ana ɗauke da su a jaka, aikin ɗaya suke yi. Doka kuma sanda 14 ta yarda, babu wurin ɓatawa. Abin da ya dace shi ne saitin ya fara daga 7, ko daga 6 in an matsa, sama da haka a sa haibirid (sandar da ke tsakanin ta ƙarfe da mai ƙaton kai) ko mai ƙaton kan da ake kira itace lamba 7.

Koci_Sakumono:
Hajiya, maganarki dutse. Su kansu kamfanonin sun gane. Mizuno ta fitar da JPX 923 Hot Metal mai lamba 7 digiri 28.5, sannan ta fitar da HL nata mai digiri 31 don masu ƙarancin gudu. Ping kuma tana karɓar oda da abin da ta kira Retro Spec, wato a kwantar da fuskokin saitin duka. Mai sayen na hannu a nan dai ba ya da wannan zaɓin, abin da ya sauka shi ake ɗauka.

Makeri_Suame:
Gaisuwa daga Kumasi. Bari in shiga ta wajen ƙarfe tunda an zo batun kwantar da fuska. Kada wani ya ji an ce digiri ya ɗauki sanda ya kai wa mai walda. Iri biyu ne. Akwai wadda aka ƙera da duka daga ƙarfe mai laushi, irin 1025, wannan tana lanƙwasuwa digiri biyu ko uku a injin lanƙwasa ba matsala. Akwai kuma wadda aka narka aka zuba a mazubi, yawanci bakin ƙarfe marar tsatsa irin 17-4, kuma mafi yawan masu faɗin tafin nan haka suke. Ita tana da tauri, tana dawowa in an sake ta, in an matsa mata fiye da digiri biyu wuyan na iya tsagewa. Masu rami a ciki da aka cika da kumfa, irin TaylorMade P790, su ma a bi su a hankali, kuma kada a kusance su da wuta.

Sannan a sani, duk digirin da ka kwantar da fuska, ka ƙara wa tafin digiri ɗaya na tsalle. Wato abin da Kadi ya faɗa na busasshiyar ƙasa zai ƙaru. In ka tsayar da ita kuma tsallen ya ragu, sandar ta fara haƙa.

Baba_SabonZango:
To kun gani. A sayi sanda da tsada, sannan a biya a mayar da ita yadda ta 1982 take. Karsten Solheim, wanda ya kafa Ping, ya riga ya gama wannan aikin na kai nauyi gefe tun da daɗewa. Abin da aka ƙara bayansa fenti ne da suna.

Injiniya_Tema:
Baba, da girmamawa, ba fenti ba ne kawai. Siririyar fuska tana riƙe gudun ƙwallo in an daka ƙasa-ƙasan fuska, wanda shi ne kuskuren da ya fi yawa. Tsofaffin ba su da wannan. Inda zan bi ka shi ne tsakanin saitin shekara biyar ko shida da ta wuce da na bana. Nan kam bambancin bai kai kuɗin ba. G410 ko G425 mai lafiyayyen zane a fuska zai yi wa Malam Sulley abin da G430 zai yi.

Danlami_Madina:
Ba wanda ya yi maganar ƙasan jaka. Sandar P, wadda ke bin lamba 9, ta G430 digiri 41 ce. Ta Stealth 43. Mutum yana da tsohuwar wej ta yashi, gajeriyar sandar fita daga yashi, mai digiri 56. Tsakaninsu digiri 15 ko 13, wato nisan da ya kai yadi 35 zuwa 45 babu sandar da ke rufe shi. Kuma nan ne ake yawan tsayawa, yadi 80 zuwa 110 daga tuta. Sai ka ga mutum yana rage lilo da P, abin da ko ƙwararre sai ya yi atisaye. Ƙa'ida ita ce digiri 4 zuwa 5 tsakanin kowace sanda da ta kusa da ita, yadi 10 zuwa 15. Shi ya sa G430 ke da 45.5 da 50 a cikin saitin. In mai sayarwa ya ce maka 5 zuwa P, ka sani akwai sanda biyu da za ka nema daga baya, ka sa su cikin lissafin kuɗi tun yanzu.

Sulley_Nima:
Wannan ban taɓa lura ba, Yaya Danlami. To silais fa, wato ƙwallon da ke lanƙwasawa dama ga mai bugu da dama? Ance wuyan nan da aka ja baya yana gyara shi.

Koci_Sakumono:
Kaɗan. Jan fuska baya daga ƙota yana ba hannu ɗan lokaci ya rufe fuskar, kuma yana taimakon tashi. Amma ƙwallo tana fita ne galibi inda fuska ta kalla, tana karkata gwargwadon bambancin fuska da hanyar da sandar ta bi. Wanda ke sara daga waje zuwa ciki da buɗaɗɗiyar fuska, wuyan zai rage masa karkatar, ba zai cire ta ba. Wanda kuma dama ƙwallonsa ke zuwa hagu, wuyan zai ƙara masa. Riƙo ne farkon abin dubawa: in ka kalli hannun hagu ba ka ga gaɓoɓin yatsu biyu zuwa uku ba, daga nan matsalar ta fara, ba daga sanda ba.

Kadi_Achimota:
A Achimota itatuwa ne ke hukunci, ba nisa ba. Akwai bugun da ake buƙata ƙasa-ƙasa daga ƙarƙashin reshe, kuma sandar da aka gina don ta tayar da ƙwallo ba ta son wannan. Da lamba 7 za ka ga ta tashi ta daki reshe. A ɗauki 5 ko haibirid, ƙwallo kusa da ƙafar baya, gajeren lilo, hannu a gaba har ƙarshe.

Alhaji_Aboabo:
Ni ina ganin kun bar babban abu kuna ta kai. Ƙota ce rabin sanda. Yawancin kayan da ke shigowa na hannu daga Ingila da Amurka ne, na mutanen da aka auna wa, ba kai ba. Za ka samu kai mai yafe kuskure an ɗora shi kan ƙotar Dynamic Gold S300, giram 130, mai tauri. Dattijo ɗan sittin ya ɗauki wannan a ranar Ankara, ramuka tara na farko lafiya, daga na goma sha biyu hannu ya gaji, ƙwallo ta fara zuwa dama a kwance. Irin wannan mutum ƙarfe mai giram 95 zuwa 105 ya kamace shi, ko girafait mai 65 zuwa 80 in gwiwar hannu na ciwo. Kuma kada a sauka da yawa lokaci ɗaya, wanda ya saba da nauyi in aka ba shi giram 50 sai lilonsa ya rikice, ya daina jin inda kan yake.

A Royal Golf Club nan Kumasi ma haka ake gani, kai na zamani, ƙota ta wani.

Fuseina_Adenta:
Da zaman sandar a ƙasa. Ping tana sa ɗigon launi a kai. Baƙi shi ne daidai, a tsarin yanzu shuɗi ya miƙe digiri ɗaya, kore biyu, ja ya kwanta ɗaya. Mutane na sayen mai koren ɗigo ba su san na dogon mutum ba ne. In ta miƙe maka da yawa, dunduniya ke fara taɓa ƙasa, fuska ta kalli hagu ga mai bugu da dama. In ta kwanta da yawa, baki ke fara taɓawa, ta tafi dama. A gajerun sanduna abin ya fi muni.

Gwajinsa ba ya son na'ura. A ja layi mai kauri da maka a jikin ƙwallo, a ajiye ta layin yana tsaye yana kallon fuskar sanda, a buga. Layin zai fito a fuska. In ya fito a tsaye, lafiya. In samansa ya karkata wajen baki, sandar ta miƙe da yawa. In ya karkata wajen wuya, ta kwanta. A yi da ƙwallo biyar ko shida, kada a yanke hukunci da ɗaya.

Makeri_Suame:
Sai kuma jabu. Suna da yawa a intanet, musamman sunayen da aka fi nema. Kan lamba 7 na gaskiya yana kusa da giram 270, kuma kowace lamba tana fin ta gabanta da kamar giram 7. Na jabu ba sa bin tsari, za ka samu 8 ta fi 9 nauyi. A duba baƙar robar da ke tsakanin wuya da ƙota, a duba fentin rubutu ko ya zubo gefe, a shinshina mariƙin, na jabu yana warin taya. Tongistin ɗin da aka zana a baya sau da yawa leda ce aka manna. Wanda ya sayi irin wannan ya ce masu faɗin tafi ba sa aiki, ai bai taɓa riƙe su ba.

Hajiya_Mamobi:
Kuma kada a bar jaka a but ɗin mota. Zafi na kashe gam ɗin da ya riƙe kai, yana ƙona mariƙi. Masu wasa a Sakumono da Tema su riƙa goge ƙota bayan wasa, iskar teku na cin ta da tsatsa. Mariƙin da ya yi santsi yana sa a matse hannu, matsewar kuma tana kashe gudu, sai a ɗora wa sanda laifi. Mai fita kowane mako ya canza sau ɗaya a shekara.

Baba_SabonZango:
Ina nan dai a kan bakata ta wani gefen. Siririyar sanda tana gaya maka gaskiya. Ka kuskure, hannunka ya ji, ka san inda ka daka. Waɗannan masu kumfa a ciki duk bugu daɗi ɗaya yake yi, yaro ba zai taɓa koyon tsakiya ba.

Koci_Sakumono:
Baba, ga yaron da ke atisaye kwana biyar a mako yana neman handikaf ƙasa da 5, na yarda. Ga mai aiki da iyali da ke fita Asabar, zafin hannu ba ya koya masa komai, ƙwallo kawai yake ɓatarwa. In ana son sanin inda aka daka, a fesa hodar ƙafa ta gwangwani a fuska, tabon zai fito sarai. Su ƙwararrun ma da yawa masu kwarmin baya suke riƙewa, irin Titleist T100, kuma a dogayen lambobi suna sa masu rami ko haibirid.

Malam Sulley, ga yadda za ka gwada kafin ka biya. Ka ari lamba 7 ta sabon. Ka ɗauko daga tsohon saitinka sandar da digirinta ya yi daidai da ita, ba wadda lambarta ta yi daidai ba, wataƙila 6 ce ko 5. Ka yi a kan ciyawa, kada a kan kafet, don kafet yana ɓoye dukan ƙasa. Ƙwallo iri ɗaya, irin wadda kake wasa da ita. Goma-goma, ana musanya bayan kowane uku, kuma ba a zubar da mummuna ko ɗaya. Wani ya tsaya gefe ya sa alama inda kowace ta fara faɗuwa, ba inda ta tsaya ba. Abin da za ka auna shi ne tazarar da ke tsakanin mafi gajarta da mafi nisa, sai kuma yadda take mirginawa bayan ta sauka. In tazarar ta ragu sosai kuma mirginawar ba ta wuce yadi biyar zuwa bakwai a girin ba, sandar ta yi maka. In da na'ura, ka nemi kusurwar faɗowa ta kai 45 ko ta kusa.

Danlami_Madina:
A ƙara da gwaji daga ciyawa mai kauri. In ciyawa ta shiga tsakanin fuska da ƙwallo juyi yakan faɗi, kuma sandar da dama juyinta kaɗan ne sai ƙwallo ta tashi ta ƙara yadi goma sha wani abu ba zato. Masu cewa sandar tana da wurin da ke "fashewa" yawanci wannan ne suke gani, ko raɓar safe.

Injiniya_Tema:
Duk da haka a faɗi gaskiya, kati ba zai sauka da bugu biyar don an canza ƙarfe ba. Mai handikaf 22 yana zubar da bugunsa a ƙwallon da ta fita fili daga ti, wato wurin bugun farko, da cif biyu a rami ɗaya, da fot uku, wato bugu uku a kan girin kafin ƙwallo ta faɗa rami. Sandar ƙarfe ba ta taɓa ko ɗaya cikin waɗannan.

Alhaji_Aboabo:
Tana taɓa cif ɗin mana, Injiniya. Wanda ya kai bakin girin maimakon yashi ai ya tsallake bugun da ya fi ba shi wahala.

Sulley_Nima:
Na gode ƙwarai. Akwai G425 na hannu da aka nuna mini, baƙin ɗigo, 5 zuwa P, amma ƙotar S ce, wato mai tauri, ta ƙarfe. Malam Makeri, canza ƙota shidan zuwa R, mai matsakaicin tauri, marar nauyi, yana ɓata ma'aunin nauyin kai? Kuma wuyan Ping yana karɓar kowace ƙota?

Makeri_Suame:
Yana ɓatawa in ba a auna ba. Ƙota mai sauƙi takan rage jin nauyin kai, sai a gyara da ɗan gubar da ake sawa a bakin ƙota, ko a bar tsawon ya ƙaru kwata na inci. Bakin ƙota kuma iri biyu ne, .355 mai tsukewa da .370 miƙaƙƙe, a ciro ɗaya a auna ramin wuyan kafin a yi oda. A kankare tsohon gam tas, a bar sabon ya kwana guda kafin a buga. Amma ka fara lissafa kuɗin ƙota shida da mariƙi shida da aiki, sau da yawa ya kai ka jira saitin da ya zo da R tun asali. Ka turo hoton wuyan da lambar da ke jikinsa a gani tukuna.